Takardar Kuɗin da Ka Ba Innarka

Katuru, ƙasar Shinkafi.

Zuwa ga ɗana Zubairu, a Tarabulus.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Rabona da in sa a rubuta mini wasiƙa tun shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. A wancan karon yayana marigayi na aika wa, yana dako a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, ina shaida masa an ba ni Innarka. Yau ga ta biyu, ita ma a kan Innarka ce. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da waɗanda kuke zaune tare. Allah ya tsare ka a ƙasar mutane, ya sa albarka a abin da ka fita nema, ya raba ka da sharrin hanya da na masu kama baƙi. Malam Na'ibi na masallacinmu ne ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa. Na ce masa ya rubuta yadda ta fito daga bakina, amma ina lura hannunsa yana gyara mini Hausa tana komawa irin ta littafi, saboda haka in ka ci karo da kalmar da ba tawa ba, tasa ce. Namadi direba zai kai ta Agadas, daga can ya ba wani ya iso maka da ita. Na san za ka ce ga waya. Wayar da muka yi ta gaisuwar rasuwa ta ishe ni, kana magana tana yankewa, ni ina ɗaga murya a tsakar gida maƙwabta na saurare. Maganar da ke tafe ba ta ɗaga murya ba ce.

Mutanen gida suna lafiya gwargwado. Yayarka, uwar Ammar, ta koma ɗakinta Zurmi bayan sadakar arba'in, ta so ta tafi da ni na ƙi. Ammar ya yi tsawo, ya ɗebo goshin Innarka sak, har ba na son kallonsa da yawa. Abinci daga gidan Zayyanu maƙwabcinmu ake kawo mini, tuwon matarsa ba laifi, sai dai miyarta ta cika gishiri, ban faɗa ba. Geron bana ya yi dama-dama a gonar bayan gari. Gonar daji kuwa har yanzu ba mai zuwa. Zafi ya sauka sosai, rafi ya bushe har ƙasa. Ni jikina da sauƙi, gwiwa ce kawai da ka sani. Ɗakin Innarka yana nan yadda ta bar shi, ban bari an taɓa ko faifai ba.

Ka tuna Babbar Sallar da ka yi da mu ta ƙarshe, wadda bayanta kaɗan aka yanke layin waya a ƙasar nan duka aka rufe kasuwanni. Ranar da za ka koma Ikko, tun ba ka wuce Tarabulus ba, Innarka ta raka ka har bakin zaure tana kuka, ta riƙe hannun jakarka kamar za ta ƙwace. Kai ne autanta, kuma kai kaɗai a cikin ɗiyanta ka iya juya kukanta ya zama dariya. Ka sa hannu a aljihun gaba ka zaro wata takarda shuɗiya-shuɗiya, sabuwa ƙal, ka danƙa mata. Ka ce ta share hawaye, daga yau babu macen da ta kai ta kuɗi daga nan har Sakkwato, in ta ga dama ta saye kasuwar Shinkafi har da raƙuman da ke ciki. Ka yi dariya, ita ma ta yi, ni ina kan buzu ina jin ku. Bayan babur ya tafi da kai ta kawo mini muka duba. Babu fuskar mutum a jiki, sai duwatsu uku an ɗora ɗaya kan ɗaya. A baya ga ɓauna, ga wani ruwa yana zubowa daga kan dutse fari fat. Ni da ita ba mai boko, amma mun san sifili, mun san takardar naira ɗari sifili biyu gare ta, ta dubu kuwa uku. Ta bi na wannan da yatsa ɗaya-ɗaya, yatsunta goma suka ƙare, ta ari huɗu a nawa. Daga nan dariyar ta ɗauke, ta ce in ja ƙyaure.

Ka san halin da ake ciki a nan. Mutum ya sayar da sa guda ranar Alhamis, kafin wata Alhamis an zo an ɗauke shi ko ɗansa, don akwai masu kai labari daji a cikinmu. To ina ga wanda ke da abin sayen kasuwa? Shi ya sa ba mu nuna wa kowa ba, ko yayarka. Da layi ya dawo ka fara kira, ta hana ni tambayar ka, ta ce ba a san mai saurare ba. Ta naɗe takardar a leda, ta cusa a gorar irin kuɓewa, ta rataye a rufin ɗaki. Wata rana a karatun mata ta tambayi Malam Na'ibi, kamar wata ce ta aiko ta, in mutum na da dukiya a ajiye ba ya taɓa ta, shin akwai zakka a kanta. Ya ce akwai, ɗaya cikin arba'in in shekara ta zagayo. Ta dawo gida ta kasa cin tuwo. Ta ce ita ba ta san yadda ake raba wannan abu gida arba'in ba, kuma ba a yagar gefen takarda a miƙa wa miskini. Abin da ta yanke shi ne duk shekara za ta fitar da akuyar da ta fi ƙiba a turkenta, ta roƙi Allah ya yi mata haƙurin sauran har ranar da za a samu lafiyar canzawa. Haka awakin nan da ka sani suka riƙa tafiya gidajen matan da suka gudo daga ƙauyukan Zurmi da marayu. Jar nan mai haifar tagwaye ita ta fara tafiya, Innarka ta raka ta da ido har ta sha kwana.

Shekarar da aka sake wa naira launi kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, ita ce kuma shekarar da muka haƙura da gonar daji gaba ɗaya. Rumbu ya ƙare tun damina ba ta faɗi ba. Wasu masu hali na Shinkafi suka aiko da zakkar hatsi masallaci, Malam Na'ibi da kansa ya sa aka ɗauko rabin buhun gero har zaurenmu. Innarka ta yi masa magana ta bayan asabari, ta gode, ta ce a kai wa waɗanda ya halatta gare su, ita bai halatta ta ci ba. Ya ɗauka girman kai ne, ya zaunar da ni ya yi mini nasiha mai tsawo a kan talakan da ke ƙin karɓar abin da Allah ya ba shi. Na saurara har ya gama, na ce maganarta ita ce tawa. Muka ci tafasa da rama da ɗan garin da ake samu har sabon gero ya nuna. Ni jikina ya ɗauka, ita nata bai koma daidai ba tun daga nan, zanenta sai da ta riƙa ninka shi kafin ya kama ƙugu. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, cewa take yi ai mai dukiya ba ya tsoron yunwar wata biyu. Da na kawo nan Malam ya ajiye alƙalami ya daɗe yana kallon tabarma, don sai yau ya san dalilin da aka mayar masa da geronsa. Sai da na ce masa ya ci gaba, rana tana yi.

Da ciwon ajali ya kama ta, abin da ka aiko da shi muka yi magani. Na ce mata ko lokaci ya yi a sauko da gora, ta ce a'a, wannan takarda ba ta allura ba ce, tana da aikinta. Ashe tun ranar farko ruwan nan da ke bayan takardar ya zauna mata a rai. Famfon unguwarmu ya daɗe da lalacewa, mata sai sun je rafi sun tona yashi, kuma a hanyar rafin nan aka ɗauki mata biyu bara. Da ta ji jikinta ya yi nauyi ta sa na kira Malam Na'ibi da Zayyanu su zama shaidu, na sauko da gora a gabansu. Malam ya juya takardar ya ce shi dai bai san wannan kuɗi ba, amma ya ga ba lokacin gardama ba ne. Ta ce a haƙa rijiya a filin nan na bayan gidanmu, kusa da tsamiya. A ɗaure cikinta da siminti. Kada a ɗaga bakinta da yawa, don tsofaffi masu ciwon baya su iya ja. Kada a sa mata marufi mai kwaɗo, kada a karɓi ko sisi a hannun mai ɗiba. Malam ya tuna mata wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya, ta yi dariya har da tari, ta ce rijiya dubu ma ba ta kai nan ba. Abin da ya rage ta ce a raba bisa shari'a, kuma a gaya wa autanta ba ta taɓa ko gefen abin da ya ba ta ba. Sannan ta juyo ta dube ni, na ce mata an gama. Rabona da ganin fuskarta a sake haka tun tana amarya. Ba ta ƙara mako ba Allah ya karɓi abinsa.

Magana ba ta kwana a gidan Zayyanu, matarsa ta fitar da ita tun kafin sadakar uku. Mata suka riƙa zuwa gaisuwa suna haɗawa da godiya, wasu har da durƙusawa. Tsohuwar nan Ummuhani, wadda jikarta na cikin biyun da aka ɗauka a hanyar rafi, ta ɗauki tsintsiya ta share gindin tsamiya tas, kuma kullum da safe sai ta sake sharewa. Yara suka sa wa wurin suna rijiyar Mairama, da sunan Innarka, tun ba a sari ƙasa ba. Zayyanu ya ce in yi hankali, labarin zai kai daji. Na ce ya kai, abin da nake tsoron a ɗauke mini an riga an ɗauke shi.

Bayan arba'in na sa rigata ta Juma'a na hau babur zuwa Shinkafi ranar kasuwa, takardar tana cikin hulata. Na nufi layin 'yan canji, inda mutanen Nijar ke juya sefa. Na zaɓi wani Abbati don na san kakansa, mutum ne mai gaskiya a awon gyaɗa. Na ja shi gefe na nuna masa a ɓoye. Ya duba gaba ya duba baya, sai ya bushe da dariya, ya ɗaga ta sama yana kiran 'yan uwansa su zo su ga Baba ya taho sayen Najeriya. Ɗaya ya ce in yi haƙuri ba su da canji, sai dai su haɗa mini da kasuwar da motocin tasha. Wani ya tambaya ko ina neman mai riƙe mini jaka, shi ya gaji da zaman benci. Abbati ya ce wannan kuɗin wasa ne, irin wanda ake bugawa a sayar wa yara ko a liƙa wa ango don hoto, babu ƙasar da ke da kuɗi mai sifili haka. Na karɓe abina, na ce masa kakansa ya fi shi sanin kuɗi kuma ya fi shi sanin furfura. Na ce ɗana ba ya ba uwarsa abin wasan yara. Da ƙarfi na faɗa don duk su ji. Na hau babur na dawo gida.

Malam Na'ibi ya ce kada in tsaya ga maganar 'yan kasuwa, in je Kaura Namoda wurin yayansa Malam Jalaluddeen, wanda ya yi aikin baitulmalin gwamnati har ya ajiye. Na jira ranar da motoci ke tafiya a ayari na bi su. Gidan malamai ne, sun karɓe ni da mutunci, sai da na sha fura na huta kafin aka tambaye ni abin da ya kawo ni. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya sa tabarau, kuma bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce ta wata ƙasa ce can kudu da nisa, Zimbabuwe. Akwai lokacin da kuɗinsu ya lalace, farashin safe daban na yamma daban, hukumarsu ta riƙa ƙara sifili tana bugawa, har ta kai ga wannan, kuma ko a lokacin da take yawo abin da take saye bai taka kara ya karya ba. Daga baya suka soke ta, shekaru kafin ta shigo gidanmu. Ya ce yanzu masu tara kayan tarihi ne ke sayen ta don ajiya da nuna wa baƙi, kuma da aka ga ana saye sai wasu suka shiga buga ta ƙarya suna sayar wa matafiya. Ya kira 'yarsa Rumaisa'u, wadda ke aikin banki. Ta haska ta da fitila, ta shafa, ta karkata ta ga rana, ta ce a ganinta ta ainihi ce amma ba za ta rantse ba. In ta ainihin ce, ta ce ana iya samun mai sayen ta a kuɗin siminti 'yan buhuna. In ba ita ba ce, to ko kuɗin motata ba za ta biya ba.

Tambaya ɗaya na yi masa. Na ce shin an taɓa yin rana a duniya da wani ya shiga kasuwa da irin wannan takarda aka ba shi kaya. Ya ce an yi. Na ce to ba abin wasa ba ce ke nan, kuɗi ne da ya mutu, kuma ni na san mutuwar kuɗi. Na ga anini, na ga kwabo mai huji da muke zurawa a zare, na ga taro da sisi da sule da fataka, duk na raka su. Na ga lokacin soja da aka juya launin takardu, wani mai shanu a Kasuwar Daji ya makara da buhunsa ya wayi gari ba shi da komai. Na ga ta kwanan nan da idona. Sadakin Innarka da fam na biya shi, fam ya mutu tun ba ta haifi yayarka ba, kuma ban ji wanda ya ce aurenmu na wasa ne ba. Malam Jalaluddeen ya saurare ni har na ƙare. Ya ce duk abin da na faɗa haka yake, kuma in hakan ya fi kwantar mini da rai in riƙe shi, amma da kuɗin wasa da kuɗin da ya mutu babu wanda mai haƙar rijiya zai karɓa. Ban ji daɗin maganar ba. Da ita a raina na dawo tun daga Kaura har gida.

Shi da ƙanensa bakinsu ɗaya a kan hukunci. Sun ce tunda babu dukiyar, wasiyya ta faɗi, babu laifi a kaina, babu a kanta. Sun ce Allah ya riga ya rubuta mata ladan rijiya da niyyarta, awakin kuma sun zama sadaka. Na yarda, su ne masu karatu, kuma ina roƙon Allah ya sa haka ne. Amma ni na ce mata an gama, tana kallon idona, a gaban mutum biyu. Kuma lada da niyya ba su hana jikokin Ummuhani bin hanyar rafi ba. Dariyar Abbati ta riga ni isowa Katuru. Shekaranjiya ina wucewa ta teburin mai shayi na ji wani yaro yana cewa a rijiyar takarda ruwan ma zane ne, sauran suna tuntsira dariya. Ni a yi mini, na saba, an daɗe ana ce mini mai taurin kai. Amma matar da ta mayar da gero tana jin yunwa don tsoron Allah, ba zan zauna sunanta ya zama abin shan shayi ba. Ummuhani ta ji abin da ake faɗa, ta same ni a zaure ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na sunkuyar da kai. Ta ɗan tsaya, ta ce to, ta ɗauki tsintsiyarta ta nufi gindin tsamiya.

Yanzu gare ka. Malam ya roƙe ni in sassauta wannan wuri, na ce ya rubuta kawai. Ban tambaye ka inda ka samo takardar ba, ko a Ikko ka saya a bakin titi, ko wani mai gidanka ya ba ka. Ban kuma tambaye ka ko ka san abin da take ba. Na ji dariyarka a ranar, kuma ni na haife ka. Ka ga uwarka tana kuka, ka lalubi aljihunka, ka ba ta abin da zai sa ta dariya, kamar yadda ka saba tun kana rarrafe. Kai ka manta da ita kafin ka kai Gusau. Ita kuwa ba ta taɓa ɗaukar maganarka da wasa ba, ko lokacin da kake yaro kana ce mata za ka saya mata jirgin sama, sai ta ce Allah ya nuna mata. Ban faɗa maka labarin awaki da gero don ka kasa barci ba. Na faɗa ne don saƙonta ne a gaya maka ba ta taɓa ko gefe ba, kuma ba za ka san nauyin saƙon ba sai ka san abin da ta bari don ta cika shi. Ba ta mutu tana fushi da kai ba. Ta mutu tana ganin ta haifi ɗan da ya ba garinsu ruwa. Ban gyara mata wannan ba tana raye, ba kuma zan bari ya zama ƙarya tana kwance ba.

Ga abin da na yanke. Ina saurayi na shiga haƙar rijiya biyu a garin nan, ta bakin masallaci da ta unguwar maƙera wadda ta rufta shekarar babban ruwa. Na san ƙasar wurin: yashi ne a sama, sai jar ƙasa, sai marmara mai cin diga, ruwa yana gaba goma da wani abu. Yanzu ne lokacin haƙa, don rijiyar da aka samu ruwanta a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Takardar na mayar da ita cikin gora. Ranar da aka taɓa laima zan kai wa Rumaisa'u ta nemi mai saye, ko buhu ɗaya ta kawo a zuba shi a ƙasan rijiyar, don abin Innarka ya shiga ciki. In ta ƙarya ce, sai in sayar da akuyar da ta rage. Yayarka ta ce tsufa ya taɓa mini kai. Malam ma ya ce in dubi shekaruna, na ce na dube su, shi ya sa nake sauri. Kada ka aiko da kuɗi ka ce a ɗauki 'yan haya kai ka zauna can. In ka aiko zan karɓa don siminti, amma ba shi nake nema ba. Wanda ke cikin rami yana bukatar mutum a sama mai jan guga yana zubar da ƙasa, mutumin da ba zai saki igiya ya tafi shan shayi ba. Zayyanu yana da iyali da gona, ba zan ɗora masa ba. Ka taho gida, Zubairu. Ka je ka tsaya a kan kabarinta ka yi mata addu'a, sannan ka zo ka riƙe mini igiya.

Ka gaishe da Nafi'u ɗan ƙanena da kuke ɗaki ɗaya, ka ce masa uwarsa tana cigiyarsa, ya daure ya kira ta. Ka gaishe da duk mutanen ƙasarmu da ke nan tare da ku, Allah ya dawo da kowa gidansu lafiya. Yayarka da mijinta da Ammar suna gaishe ka. Zayyanu da iyalinsa suna gaishe ka. Malam Na'ibi ya ce in saka tasa gaisuwar, kuma ya ce in gaya maka shi ba ya cikin shawarar shiga rami, to na gaya maka.

Gobe in Allah ya kai mu, in na fito sallar asuba ba zan koma gida ba. Zan ari diga da shebur a wurin Zayyanu, in je gindin tsamiya tun rana ba ta yi zafi ba, in kafa turke, in zagaya shi da igiya in zana bakin rijiya, in yi bisimilla in sara. Zan iya haƙawa ina watso ƙasa waje da hannuna har ramin ya kai tsayina. Daga nan kuma sai da na sama. Zan zauna a bakinsa in jira ka.

Ni ne mahaifinka,
Labbo na Katuru.